Cikin da Ban Faɗa Ba

Ƙarfe takwas da minti ashirin na safe ne, ranar Talata, cikin watan Disamba. Muna garejin kamfanin da nake yi wa tuƙi a Yamai: mu direbobi bakwai, da madam ta biro, wato ofishin ma'aikata, da shef ɗin gareji. Shef ɗin nan ƙanen mahaifin matata ne. Shi ya kira ni daga Dogondutsi, shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki, shi ne kuma waliyyinta ranar ɗaurin aurenmu, domin mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. A wurin aiki ina ce masa Shef, a gida ina ce masa Baba. A duka wuraren biyu ban taɓa ɗaga ido na dube shi kai tsaye ba.

Kafin in faɗi abin da ya faru a garejin, sai na koma baya kaɗan.

Kamfaninmu yana yi wa ma'aikata inshorar lafiya, abin da muke ce wa asurans. Shekara shida ina riƙe da katinta. Idan ka je kilinik ka nuna kati, su biya kashi huɗu cikin biyar, kai ka biya ɗaya. Haka ma a farmasi. Da katin nan matata take zuwa wata kilinik a unguwar Yantala, wurin wani likita dattijo mai ƙarancin magana. Sau biyu ta yi ɓari a hannunsa, na farko a wata huɗu, na biyu a wata biyar. Shi ya gano cewa da zarar ta sami ciki jininta yake hawa. Ya buɗe mata dosiye, wato fayil, mai kauri, ya ce in Allah ya sake kawo rabo a kawo masa ita tun watan farko, kuma kowane mako biyu yana son ya gan ta.

Allah ya kawo rabon. A ranar da nake magana cikin yana wata biyu da rabi, kuma mutum uku kaɗai suka sani: ni, da ita, da likitan. Cikin farko mun yi murna da wuri, har garinmu labari ya kai. Na biyu ma magana ta fita ta bakin maƙwabta. Mahaifiyarta ta ce bakin mutane ne ya kama su duka biyun. Ni ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Da na ukun ya samu, matata ta sa na yi mata alkawari cewa ba wanda zai ji sai ya fito da kansa, ko mahaifiyarta.

To, madam ta zo gareji da takardu a hannu, ta ɗora su a kan bonen wata mota. Ta ce daga farkon Janairu kamfani ya bar tsohuwar asurans ya koma wata sabuwa, saboda tsohuwar ta yi tsada. Kowa zai cike takarda. Da yake yawancinmu Faransancinmu na gefen hanya ne, ita za ta karanta tambaya, mu ba da amsa, ta rubuta, mu sa hannu. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa, kuma muryarta tana kaiwa har bakin ƙofa. Ta ce tana da sauran wurare huɗu kafin azahar, kada wanda ya ɓata mata lokaci.

Tambayoyin a jere suke: mata nawa, ƴaƴa nawa, akwai mai tsohon ciwo, an taɓa yi wa wani aiki. Ta ƙarshe ita ce ko matar mutum tana da ciki.

Wanda aka fara da shi matansa uku. Da ta zo tambayar ƙarshe sai ya ce, "Wacce daga ciki? Bari in je gida in yi sintiri in dawo." Aka yi dariya. Madam ta ce masa, "Kai tsoho, ka bar wa yara hanya mana." Ya ce tsufa a gemu ya tsaya. Aka sake dariya, har mai wankin kai a bakin famfo ya juyo. Shef bai yi dariya ba. Yana zaune a kan bencinsa da littafin fitar motoci a cinya, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

Ni ne na biyar. Mata ɗaya. Ƴaƴa babu. Da na ce babu, ba wanda ya yi dariya, domin kowa ya san labarin ɓarin. Sai ta karanta ta ƙarshe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Madam ɗinka, akwai ciki?"

Na ce, "A'a."

Ta ja layi, ta miƙo mini biro, na sa hannu.

Na ji tambayar sarai, ba zan ce ban gane ba. Amma mutumin da aka yi wa tarbiyya a inda aka yi mini ba ya buɗe baki a gaban surukinsa ya ce ƴarka tana da ciki, balle a gaban maza shida da suke jiran abin dariya. Ga kuma alkawarin da na ɗauka a gida. Abin da na sa a raina shi ne in bi ta biro daga baya in gyara. Washegari da asuba aka tura ni garin Tawa, na yi kwana huɗu. Da na dawo an riga an aika takardun. Na ce a raina kati dai kati ne, ko kore ko shuɗi. Ban tambayi kowa ba.

Ranar tara ga Janairu na ɗauki matata a moto, wato babur ɗina, daga unguwarmu Bukoki muka tafi Yantala da sabon kati. Matar da ke karɓar baƙi ta juya shi gaba da baya, ta ce ba sa aiki da wannan asurans. Ta rubuta mana sunan wata kilinik a Kale da ke karɓa. Muka tafi can. Aka buga lambar katin a inji, aka ce zazzaɓi a buɗe yake, haƙori a buɗe yake, ido ma a buɗe, amma duk abin da ya shafi ciki da haihuwa a rufe yake har wata goma. Na ce ban gane ba. Wani ma'aikaci ya fito ya yi mini bayani a tsaye. Ya ce ƙa'idarsu ce, sabon shiga sai ya jira wata goma kafin su biya kuɗin ciki. Kamfanin da ya zo da ma'aikatansa gaba ɗaya ana yi masa sassauci: duk cikin da aka rubuta a takardar shiga sukan ɗauke shi daga inda tsohuwar asurans ta tsaya. Wanda ba a rubuta ba, sai jira.

Na lissafa da yatsu a gabansa. Haihuwa saura wata shida.

A hanyar komawa gida, da muka wuce Babbar Kasuwa, matata ta taɓa ni a kafaɗa. Ta tambaye ni abin da aka rubuta a takardar. Na faɗa mata, har da wanda yake zaune a kan benci. Ta ce da na faɗa a gaban Baba, da ba ta san da wane ido za ta ƙara gaishe shi ba. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kashegari na shiga biron madam. Ta ciro kwafin takardata ta ɗora yatsa a kan sa hannuna. Ta yi faɗa sosai, rabi da Hausa rabi da Zabarmanci. Ta ce ta faɗa a ranar cewa tambayar tana da muhimmanci. Wataƙila ta faɗa, ni ban riƙe ba. Da faɗan ya wuce sai ta zauna ta rubuta wasiƙar roƙo zuwa ga asurans ɗin, ta ce in kawo takardar likita mai nuna watan da cikin ya shiga. Sai kuma ta ce wasiƙar ba ta fita sai da sa hannun shugaban sashena.

Shugaban sashena shi ne Baba.

Na yi kwana biyu da wasiƙar a aljihu. Rana ta uku bayan la'asar, da gareji ya watse, na ajiye ta a kan bencinsa na koma gefe na tsuguna. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Ya daɗe. Ya sa hannu, ya ninke ta yadda take, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Da ka biyo ni waje ka faɗa mini a kunne," in ji shi.

Na karɓa na sa a aljihu.

Can sai ya ce, "Amma da ka faɗa a wurin, da na ce ba ka da kunya. Ni ma da ni ne, abin da ka ce shi zan ce."

Bayan mako uku amsa ta zo, layi huɗu. Sun ce sun yi nadama, amma abin da mai kati ya sa wa hannu shi ne abin da suka sani. Madam ta kai maganar wurin patron, mai kamfanin. Patron ya ce in ya buɗe wannan ƙofa ga mutum ɗaya, gobe mutum goma za su shigo. Ya ba ni jika ashirin daga aljihunsa, na gode masa, kuma har yau ina gode masa.

Daga nan muka koma Yantala muna biya da hannunmu. Sai a lokacin na san farashin abin da shekara shida nake biyan kashi ɗaya cikin biyar nasa. Ganin likita kuɗi, hoton ciki da ake ce wa eko kuɗi, gwajin jini da na fitsari kuɗi, maganin tansiyo, wato hawan jini, kuɗi, kuma duk mako biyu. A watan farko abin ya ci fiye da rabin albashina. Ga haya, ga kuɗin kuran, wato wutar lantarki, da na ruwa, ga abin da nake aika wa tsohuwata.

Na zauna na tsara abin da za a rage, kamar yadda nake tsara gyaran mota: wanda ba ya jira, da wanda zai iya jira. Magani ba ya jira. Zuwa kilinik na mayar da shi sau ɗaya a wata. Likitan bai ji daɗi ba, ya rage mana kuɗin ganinsa, amma eko da gwaji ba nasa ba ne, na masu kilinik ne. A watan Maris na sayar da moto. Kuɗinta ya kai mu tsakiyar Afrilu. Baba ya aiko da buhun shinkafa ta hannun matarsa, bai ce don me ba.

Da kuɗin moto ya ƙare sai na mayar da ita awo a likitar unguwa, ƙaramin asibitin gwamnati, inda ba a biya. Ba ni da abin da zan faɗa a kan ungozomomin wurin sai alheri. Suna auna jini, suna auna ciki, suna yin faɗa in mace ta makara. Amma mata sun yi musu yawa, wurin ba eko, kuma dosiyenta mai kauri yana can Yantala. Sun ba ta sabon karne, littafin awo mai shafi kaɗan. Ɗaya daga cikinsu ta rubuta mana takardar eko da gwajin fitsari, ta ce a yi cikin makon. Na sa takardar a aljihun gaba na ce sai ƙarshen wata. Wannan ni na yanke, ba wanda ya sa ni.

Kwalin maganin tansiyo kwana goma sha biyar yake yi, ƙwaya biyu a rana. Wata safiya ina neman reza a kan taga na ga kwalin da na saya kwana ashirin da biyu da suka wuce, da sauran magani a ciki. Tana tsakar gida tana gyaran kopto, ganyen zogale, a faranti, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba sa shiga. Na kira ta ɗaki.

"Me ya sa maganin nan bai ƙare ba?"

"Ɗaya nake sha. Kan ya daina ciwo."

"Wa ya ce ki rage?"

"Kai wa ya ce ka daina cin abincin rana a gareji? Matar Baba ta faɗa mini, Malam."

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba. Ta tsaya ta saurara har na gama, ta koma kan farantinta. Daga ranar ni nake ba ta maganin da hannuna, safe da yamma. Amma mako uku sun riga sun wuce a kan rabin magani, a tsakiyar zafin Afrilu, a ɗakin kwano da kuran yake ɗaukewa rabin yini.

Ranar Alhamis ta farkon Mayu, ƙarfe uku saura kwata na rana, ina kan hanyar filin jirgi na ɗauko baƙon kamfani, salulata ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce, wadda ɗakinta yake kallon namu. Ta ce matata ta faɗi a bakin murhu tana jijjiga, ta ciji harshenta, sun sa ta a taksi sun nufi matarnite, asibitin haihuwa na gwamnati. Na ce to. Na kai baƙon masaukinsa, na sauke masa jakunkuna, na mayar da mota gareji, na rubuta kilomita a littafi, na rataye makulli. Minti arba'in abin ya ɗauka. Ban san dalilin da ya sa na yi haka ba, sai dai haka na saba. Baba ne ya ga fuskata ya tashi ya ɗauko motarsa.

Da muka isa an riga an shiga da ita ɗakin aiki. An ce fiɗar haihuwa kyauta ce a can, kuma gaskiya ne, ba wanda ya tambaye ni kuɗinta. Ordonans biyu, takardun magani, aka ba ni na sayo a farmasin tsallaken titi. Duk abin da na kashe a ranar bai kai kuɗin eko da gwajin da na ɗage ba in an haɗa da na wata guda na magani.

Namiji ne. Cikin bai cika wata takwas ba, kuma an ce ko a watanninsa ya yi ƙanƙanta, domin ya daɗe ba ya samun abin da ya ishe shi a ciki. Aka sa shi a kwalba. Na gan shi sau uku ta gilashi. Ranar Asabar bayan azahar ya koma. Ba a kai ga suna ba. Baba ne ya ɗauke shi a hannu, a naɗe cikin ƴar tabarma, muka kai shi maƙabarta mu biyar. Ita tana kwance ba ta san inda take ba, sai ranar Litinin aka faɗa mata.

Ta yi kwana goma sha tara a asibiti. Bayan ta fito da wata guda na kwashi duk takardun na kai wa likitan Yantala, na biya kuɗin ganinsa, na zauna. Na ce ya faɗa mini gaskiya, da ta ci gaba da zuwa wurinsa duk mako biyu, da yaron ya rayu? Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba zai rantse mini a kan rai ba, wannan na Allah ne. Amma da ya ga alamar a fitsari da eko tun kafin ta faɗi, da ya kwantar da ita. Sannan ya ce ƙodarta ta taɓu, jinin kuma ba zai sauka ya zauna ba sai da magani har iyakar rayuwa. Ya ce kada ta sake ɗaukar ciki. Ya maimaita, ya ce in faɗa mata da bakina ko in kawo ta ya faɗa mata. Na kawo ta.

A watan Nuwamba saƙo ya shigo salulata daga asurans, da Faransanci mai ladabi, cewa daga yau haƙƙin ciki da haihuwa ya buɗe ga iyalina. Na karanta a gareji, na goge.

Maganin da take sha yanzu suna biyan kashi huɗu cikin biyar ba gardama, da gwajin ƙoda duk wata uku. Na tambaya ko ba za su ce daga cikin nan abin ya samo asali ba. Aka ce a'a, wannan ciwo ne, ciwo kuma a buɗe yake tun ranar farko.

Muna nan a Bukoki, ɗaki da falo. Tana ɗinka hulunan jarirai da saƙa tana ba maƙwabciya ta kai kasuwa. Ban hana ta ba, ban kuma tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan sana'ar ba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ƙara tayar da maganar ƙwayoyin ba. Muna gaisawa, muna cin abinci, ina ba ta magani. Baba ya yi ritaya ya koma gida. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe kafin ya sake.

Bana an ce kamfani zai sake canza asurans, an sami wata mai rahusa. Na je na roƙi madam ta riƙa kiran mutane ɗaya ɗaya a bironta ta rufe ƙofa. Ta ce ta ji, kuma ta san dalilina, amma ma'aikata sun fi ɗari, kwana biyu ake ba ta. Direbobi biyu a garejinmu sun yi aure bara. Sau uku ina niyyar in ja su gefe in yi musu bayani. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ji ina tambayarsu man birki. Ba a yi wa mutum maganar cikin matarsa, ko bayan duk abin da na gani bakina bai iya ba. Shi ya sa na rubuta.

Kai da ka iya karatu har ka kawo nan, ga abin da nake roƙonka. In aka kawo irin wannan takarda a wurin aikinku, ka karɓa ka karanta ta har ƙasa, ka tambayi wata nawa ake jira kafin a biya kuɗin ciki. Sannan ka nemi wanda bai iya karantawa ba, ka fita da shi waje inda ba surukinsa, ba abokan wasansa, ka faɗa masa abin da amsarsa za ta jawo kafin ya sa hannu. Kada ka tambaye shi komai a kan matarsa. Ka faɗa masa kawai, ka bar shi ya koma ciki shi kaɗai.